Haƙoran Mesa a Hannun Tela

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar wa maigidana hannunsa, ko da yake ba yadda ya ba shi da fari ya bar masa shi ba. Sunana Kulu, 'yar Dingyaɗi ce ni, aure ya kawo ni Boɗinga. Maigidana ɗinki yake yi, a kasuwa Tela kowa ke ce masa, ni ma a nan haka zan kira shi. Na daɗe ina jin nauyin ba da labarin nan, amma na ga gara in ba da shi da bakina, tunda an riga an ba da shi da bakuna da yawa.

Abin ya faru ne zamanin mulkin farar hula na biyu, shekarar da ake shirin zaɓe. Sabulu da madara sun ɓace daga kanti, yadi ya yi tsadar da mutane suka daina ɗinka sabo, sai tsofaffin riguna ake kawowa a yi musu faci. Keken Tela ya kan wuni bai yi ƙara ba. Wuri ɗaya ake ganin kuɗi na yawo, wato wajen taron siyasa. Wata rana ya kai huluna Shagari ranar taro, ya ga wani gardi da mesa a wuya yana rawa, manya suna yi masa liƙi. Ya dawo gida ba ya da zance sai wannan.

Na ɗauka zance ne kawai. Sai ga shi wata ranar da hantsi an sauke buhu a ƙofar gida daga motar a-kori-kura, mutum biyu suka kama suka shigo da shi. Mesa ce a ciki, wani maharbi ne na wajen Horo Birni ya kamo ta a fadama ya sayar masa. Da aka zazzage ta a ɗakin ajiya na bayan gida, na ga tsawonta ya kusa tabarma biyu, kaurinta kamar cinyata. Na ce masa mu fa muna da yara ƙanana. Ya ce, "Kulu, wagga ita za ta hisshe mu. Ki yi haƙuri, kuma kada Malam shi ji."

Malam shi ne yayansa, Malam Buhari, wanda katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasa. Shi ke jan salla a masallacin unguwa. Asalinsu gidan malamai ne na Sifawa, a danginsu ko kiɗa ba a tsayawa kallo.

Maharbin ya gaya wa Tela mesa ba ta da wahala, a ba ta kaza kawai. Ba haka muka gani ba. Bahon wankina ya koma nata, don sai ta samu ruwan da za ta shiga. Kashinta yana da wani irin wari da turare ba ya kashewa. Da fari ta ƙi cin komai, ta naɗe a kusurwa, lokacin kuwa sanyi ake yi. Tela ya kan shiga ya shafa bayanta ba ta ko motsi, ya fito yana murna wai ta saba da shi. Ashe sanyi ne ya kwantar da ita. Da zafi ya shigo ta warware, ta fara cin kaji, har akurkina ya kusa zama wayam. Ta kan bi bango tana tura ƙyaure da kai, ana jin katakon yana ƙara. Ni kuwa ƙaramar 'yata ba ta ƙara sauka daga bayana ba, ko daka nake yi.

Ranar da abin ya faru da safe ne. Ya kama kaza ya jefa mata, sai ya ga bahon ya karkace, ya miƙa hannun nan da ya riƙe kazar da shi don ya gyara. Ina wanke-wanke na ji wani gurnani kamar na ragon da aka danne. Da na leƙa, bakinta na kan hannunsa na dama ƙasa da gwiwa, ta naɗe hannun ta zagayo ƙirjinsa. Idanunsa sun fito, ko salati ya kasa yi. Yana ta fizgar hannun, kowace fizga kuwa naman ne ke yagewa.

Ihuna ne ya kawo Malam ta kan katanga, ya kuma kawo Nomau, mahaucin da ke maƙwabtaka da mu. Nomau ya ce a kama ta wutsiya a warware. Su biyu suna ja tana mayarwa, da ƙyar suka raba ta da ƙirjinsa, sannan Nomau ya cusa muciyata a bakinta ya ɓamɓare. Ya zaro wuƙa zai yanka ta, Tela yana kwance cikin jini, numfashi da ƙyar, ya ɗaga hannun hagu ya ce a bar ta, jarinsa ce. Har yau in na tuna kallon da Malam ya yi masa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Suka ja ƙyaure suka tokare da turmi.

Inna, mahaifiyarsu, ta iso tana kuka tana cewa a ɗaure hannun kada dafi ya hau zuciya. Aka samo igiyar guga aka ɗaure damtsen tamau. Sai Malam ya roƙi Nomau ya rufa asiri, ya juyo gare ni ya ce, "Kowa ya tambaya, kwanon rufi na ya yanke shi. Kin jiya?" Na ce na ji. Bai yarda a je ɗakin shan magani na Boɗinga ba, don an san mu. Shagari muka nufa. Kafin mu isa hannun ya yi baƙi ya yi sanyi kamar ba na mai rai ba.

Malamin asibitin can ya yanke igiyar yana faɗa, ya tambayi abin da ya same shi. Malam ya ce kwano ne. Mutumin ya dubi ciwon, ya dubi Malam da rawaninsa, bai ƙara tambaya ba. Ya wanke, ya ɗinke, ya yi allura. Ba na ganin laifinsa. Abin da aka gaya masa ya yi wa magani.

Makon farko a gida muka yi shi. Ba ya iya kwanciya sosai saboda haƙarƙari, sai a jingine. Inna ta kawo maɗori ya shafa ya ɗaure ƙirjin, Malam yana aiko da rubutu safe da yamma, wata gwaggonsu ta kawo sassaƙen da za a dafa a riƙa gasa hannun. Masu dubiya suna ta shigowa ina ta cewa kwano ne. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakunanmu, na ƙasa ne da na ciyawa, babu kwano ko falle ɗaya a gidan. Ta yi addu'a ta fita. Duk wannan ana yi mesar tana bayan gida. Ni ce ke zuba mata ruwa ta taga da buta, ina kawar da kai.

A mako na biyu ɗinkin ya fashe. Mugunya ta fara fita, hannun ya kumbura yana sheƙi, wani jan layi ya taso yana hawa wajen hammata. Zazzaɓi ya rufe shi har yana sambatu, yana kiran sunayen masu ɗinkin da ba su zo karɓa ba. Warin ɗakin ya sa masu dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa. Malam ya ce a dakata a ga bayan Juma'a. Ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar. Na aika da yaranmu Dingyaɗi wurin mahaifiyata, na yi wa matar Nomau magana, Nomau ya samo motar da ke ɗauko masa dabbobi. A bayanta muka shimfiɗa Tela zuwa babban asibiti a Sakkwato. Malam ya biyo mu daga baya, fuskarsa a ɗaure.

Wanda bai yi jinya a shekarun nan ba ba zai gane ba. Layin kati tun safe har azahar, mara lafiya na kwance kan tabarma a baranda, ƙudaje na bin hannunsa ina kora da gefen mayafi. Gado babu, sai da aka sallami wani. Aka rubuta magani, muka je tagar magani aka ce babu, a tafi kemis. Auduga, bandeji, ruwan wanke ciwo, har sabulun da za a wanke hannu, duk mai jinya ke kawowa. Tunkiyata ce ta fara tafiya. Hoton da aka ce a ɗauki hannun da ƙirjin ma sai da muka jira, wai abin ɗaukar ya ƙare.

Likitan da ya duba shi saurayi ne, mutumin wajen Zuru, mai magana a hankali. Ya farke sauran ɗinkin ya buɗe ciwon. Da ya gama ya aiko a kira ni da Malam. Muka same shi da ɗan faranti na ƙarfe a hannu, cikinsa wasu abubuwa farare, sirara, masu lanƙwasa kamar ƙayar farar ƙaya.

Ya ce, "Malam, wane irin kwano ne yake da haƙori?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya gyara babbar rigarsa, ya juya ya fita. Aka bar ni ni kaɗai da likita da nas biyu. Na ja mayafi na rufe fuska, daga cikin mayafin na faɗi komai, tun daga buhun har igiyar guga.

Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce mesa ba ta da dafi ko kaɗan, amma bakinta cike yake da ƙazanta, haƙoranta kuma baya suka karkata, mutum na fizga suna yaga suna karyewa a ciki. Ya ce ciwon cizo irin wannan ba a ɗinke shi a rufe, barin sa ake a buɗe ana wankewa. Maganarsa da ta zauna mini ita ce, "Baiwar Allah, igiyar nan da maganar kwanon nan sun fi mesar yi masa ɓarna." Ya ce haƙarƙari biyu sun tsage amma za su haɗe da kansu. Hannun kuwa, in ruɓar ta haura gwiwa, ba makawa sai an yanke. Tela yana kwance a gefe yana ji. Ya tambaya da wane hannu mutum zai riƙe almakashi.

Mako na uku shi ne na wankin ciwo. Kullum da safe ake buɗewa a kankare mataccen nama, ina daga waje ina jin muryarsa, namiji mai 'ya'ya yana kiran Inna. Mu masu jinya ƙarƙashin itatuwan dogon yaro muke zama, nan muke girki nan muke salla. Labari ya riga ya zagaya. Wata nas in za ta kira ni sai ta tsaya bakin baranda ta ɗaga murya, "Ina matar mai mesa?" Kowa ya juyo. Masu koyon aiki suna zuwa a jere su duba, masu jinyar wasu ɗakuna suna leƙowa ta taga. Har daga Boɗinga mutanen da ba su taɓa taka gidanmu ba suka biya kuɗin mota suka zo dubiya, idonsu na kan bandeji.

Amma ba zan yi butulci ba. A cikin nas ɗin akwai wata dattijuwa da kan ajiye mana ragowar bandeji mai tsabta ta miƙo mini a ɓoye. Akwai wata mata daga Yabo mai jinyar ɗanta da ya ƙone, ita ta ba ni aron murhu da tukunya, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Nomau kuwa duk ranar kasuwa sai ya aiko da ƙashi a yi masa romo. Da dangi suka fara maganar a sayar da keken ɗinki a sayi allurai, shi ne ya je ya ɗauke keken ya kai gidansa ya kulle, ya ce sai mai shi ya dawo. Kwallayena da tasoshin aurena suka tafi a madadinsa, da geron da muka ajiye na damina.

Shawara kuwa ba irin wadda ban ji ba. Wani kawunsu ya ce kitsen mesar da ta yi cizon shi ne maganin, a yanka ta a kawo. Gwaggonsu ta ce kul, in aka kashe ta kafin ciwon ya warke mai ciwon ma binta zai yi. Inna ta rasa wanda za ta bi. Saboda wannan gardama ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya ba ta abinci ko ruwa. Gidan a rufe, Malam ko leƙawa ba ya yi.

Muna cikin mako na huɗu matar Nomau ta zo da labari. Mesar ta ture ƙyauren har turmin ya faɗi, ta bi ta rariya ta faɗa gidan wata gwauruwa da ke bayanmu, mai riƙon jikoki. Da hantsi matar ta je ba awakinta dusa ta ishe ta miƙe a gindin rumbu, ciki ya yi tulu, ta haɗiye ɗan akuya. Nan gindin rumbun jikokinta suke wasa kullum. Samarin unguwa suka kashe ta da sanduna, suka ja ta a ƙasa ta tsakiyar gari har ƙofar mai unguwa, yara na biye suna waƙa da sunan Tela.

Mai unguwa ya aika a kira Malam, aka ce ya tafi Sifawa. Mahaifina ne ya zo daga Dingyaɗi, tsoho mai furfura wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya jawo akuyarsa da igiya ya kai wa gwauruwar, ya je ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mai unguwa a idon jama'a ya ba da haƙuri. Daga nan ya hau mota ya iso asibiti.

Na hango shi yana tahowa tsakanin itatuwa na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa na gaishe shi. Na jira faɗa, na jira ya ce in tattara kayana. Sai ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce na ci. Ya ce, "Ɗiyanki lahiya lau suke, uwarki na gaishe ki." Ya shiga ɗakin maza ya tsaya kan surukinsa ya yi masa addu'a. Tela ya juya fuska bango. Baba ya ajiye ƙullin fura ya tafi. Bai ambaci akuya ba, ranar ko bayanta.

Allah ya taimaka ruɓar ta tsaya ƙasa da gwiwa. Da naman ya fara ja, aka shiga da shi tiyata aka yanko fata daga cinyarsa aka rufe wurin. Likita ya ce hannun ya tsira, amma jijiyoyi sun taɓu, yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Na yi masa godiya har na rasa kalma. Gab da sallama Malam ya zo sau ɗaya, ya zauna bakin gado ya yi karatu a hankali, ya tashi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Da muka koma gida na ishe buhun gero a zaure, aka ce daga gidansa ne.

An fara ruwa muka dawo. Tela ya shige ɗaki ya ƙi fita, salla ma a gida. Riga mai dogon hannu kullum, duk zafin da ake yi. Ni kuwa in zan je suna ko gaisuwar mutuwa sai in zagaya ta bayan gari don kada in bi ta ƙofar gwauruwar nan, alhali ita ta riga ta yafe, har kunu ta aiko. Nomau ya dawo da keke. Almakashi ya gagari Tela, sai ya koya mini yanka. Yana nuna mini da hagu ina bi, na ɓata yadi ya fi a ƙirga kafin hannuna ya faɗa. Ni ke yanka, shi ke taka keke yana tura yadi da tafin hannu. Faci muka fara samu, daga baya rigunan yara.

Ga abin da zan gaya wa duk wanda ya ga gardi da mesa a wuya ya ji sha'awa. Su gado suka yi, tun suna yara suke ciki, kuma ba sa taɓa babba su kaɗai, kullum da mutane a gefe. Lafewarta ba sabo ba ne. Ba ta san mai ita ba, warin abinci ta sani. Ƙyauren katako ba ya tsare ta, abincinta ya fi ƙarfin talaka, kuma maƙwabta ba su ci ba ba su sha ba za a sa 'ya'yansu cikin haɗari. In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, kada a fizga, kada a ɗaure da igiya, kuma a gaya wa likita abin da ya faru ko da kunya za ta kashe mutum.

Ana gab da zaɓe wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Magidanci ne daga wajen Shagari, an sallame shi daga aikin hanya, yana da iyali. Tela ya fita zaure, ni ina bayan katanga ina tankaɗe ina jin su. Bayan gaisuwa mutumin ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ya ji Tela ya san maharbin da ke kamo mesa, yana so a kwatanta masa gidansa. Ya ce shi zai yi hankali, ƙarama zai fara da ita.

Sai Tela ya tuɓe. Na ji motsin riga. Tun da muka baro asibiti ba wanda ya ga hannun nan sai ni. Na daina tankaɗen.

Can mutumin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe dahinta haka shi ke?"

Tela ya ce, "Ba ta da dahi. Wanga aikin wadda ba ta da dahi na."

Mutumin ya ɗan zauna, ya yi masa Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi bai ƙara tambayar gidan maharbi ba. Tela ya shigo da rigar a kafaɗa, ya tsaya tsakar gida hannun a waje, rana na dukan tabon. Ya miƙo mini rigar ya ce in ɗauko almakashi in rage mata hannuwa, zafi ya dame shi.

Na ɗauko na yanke. Da la'asar ya saka ta ya tafi masallaci.